Ƙusoshi Biyu a Reshen Mangwaro

Sallama gare ku, masu bibiyata. Na ga saƙonninku, musamman masu tsokanar cewa Khaula ta yi shiru kwana biyu, ko an sa rana ne take ɓoye mana. Ba a sa komai ba. Fasawa nake yi duk lokacin da na ɗauki waya zan rubuta, don abin da zan ba ku yau ni ce mai laifi a cikinsa tun daga farko. Mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ina hidimar ƙasa a wani asibiti a Gwagwalada, gidanmu kuma yana Utako. Abbana darakta ne a wata ma'aikatar tarayya, mutum ne da ko biro ya ajiye a tebur sai ya daidaita shi da gefen takarda. Wanda nake so sunansa Nazeer. Ya karanci ilimin gandun daji, ya samu aikin gwamnati, bayan shekara biyu ya ajiye ya buɗe kamfanin gyaran lambu, tunda Abujar yanzu kullum sai ka wayi gari ka ga rukunin gidaje ya tsiro inda jiya ake kiwon shanu, kuma kowane mai gida yana son ciyawa da furanni. To wannan ajiye aikin shi ne ya tsaya wa Abba a wuya. Bai taɓa cewa a'a ba. “Zan duba” kawai yake cewa, kuma wata tara ke nan yana dubawa. In Nazeer ya zo gaishe shi ya fita, sai ya juya ya ce wa Umma, “Mai yankan ciyawar nan ya tafi?”

Ana cikin haka ne Anti Lantana, ƙanwar Umma, ta same ni a ɗaki ina kuka. Anti Lantana ba ta san wata matsala da ba ta da malaminta ba.

“Ke dai sakarya ce,” ta ce, tana gyara ɗaurin ɗankwalinta a madubina. “Zama za ki yi har furfura ta fito miki yana dubawa? Tashi ki shirya, ranar kasuwar Karshi za ki raka ni sayen doya.”

Doyar ke nan. Muka dawo da laya ɗinkakkiya da jar fata, girmanta bai wuce akwatin ashana ba, da ƙusoshi uku dogaye. Malamin da ta kai ni wurinsa ya ce a kafa ta a bishiyar da maigidan yake zama a inuwarta, can sama inda reshe ya yi gwafa, a buga ƙusoshin har kawunansu su nutse, zuciyarsa za ta yi laushi. Wallahi na san haramun ne. Na san Abba ya taɓa korar maigadi saboda ya ga guru a ƙugunsa. Amma ranar da duk gida suka tafi ɗaurin aure, ni ɗin nan da nake tsoron ƙadangare na jingina tsani a jikin mangwaron da Abba yake karatun jarida a ƙarƙashinsa, na hau da guduma a haɓar zani. Wata biyar ke nan da yin haka, har na fara mantawa.

Ranar Laraba aka yi ruwa da iska, reshen darbejiya ya karye ya faɗo kan rumfar motoci. Ranar Alhamis da na dawo daga Gwagwalada, maigadi yana buɗe get na tsaya cak. Gidanmu ya yi haske fayau kamar an yi masa aski. Abba ya kira masu sare bishiya sun rage darbejiyoyinmu biyu, suka haɗa da mangwaron, suka bar shi da kututture da 'yan rassa uku. Ragowar duk ga su nan zube a harabar gida, tuli guda ya fi tsayina.

Na ɗaga kai na nemi gwafar nan. Babu ita.

A falo na tarar da Abba da jallabiyarsa ruwan toka, yana shan shayi. Na durƙusa na gaishe shi.

“Khaula, wannan yaron naki,” ya ce, bai ɗago daga jarida ba, “an ce yana da wani inji mai ɓarzar itace?”

“E, Abba.”

“Ki ce ya zo da shi ranar Asabar da safe. Ina da baƙi Lahadi, ba na son ganin tsinke ɗaya a gidan nan. Mu ga abin da ya bar aikin gwamnati saboda shi.”

Umma ta dube ni ta gefen ido tana danne murmushi. Wata tara Abba bai taɓa neman Nazeer da kansa ba. Kun san abin da ya fara zuwa raina? Kunya nake ji in faɗa. Cewa na yi a zuci, ashe layar ta fara aiki.

Ina shiga ɗaki na tura masa saƙo ta BBM. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa.

“Da gaske? Abba da kansa?”

“Da kansa.”

“Allahu Akbar! Khaula, wannan ita ce jarrabawata. Gobe ina da aiki a Karshi har yamma, ba zan samu zuwa ba. Za ki taya ni shirya rassan?”

Na ce to. Sai saƙonni suka fara shigowa a jere, don Nazeer in ana maganar itace bakinsa ba ya gajiya. Ya ce a ware darbejiya daban, mangwaro daban. A jera kowane reshe gindinsa yana kallon get, don da gindi ake zura shi a bakin inji. Duk wanda ya fi taɓarya kauri a ajiye shi gefe. A karkaɗe ƙasa da tsakuwa, a kwance duk wata igiya ko leda da ta naɗe.

Sai na ƙarshe ya shigo.

“Mafi muhimmanci, ƙarfe. Waya, ƙusa, ko guntuwa ce. Wuƙaƙen injin suna juyawa da gudun da ido ba ya gani, in suka haɗu da ƙusa sai ta fito kamar harsashi, wani lokacin da ɓallin wuƙar. Haka Lukmanu direbana ya rasa idonsa na hagu bara. Don Allah ki duba da hannunki.”

Na karanta sau uku. Wayar ta zame daga hannuna ta faɗi kan kafet.

Ranar Juma'a na kira wurin aiki na ce ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba. Na sa tsohuwar doguwar riga ta atamfa da takalmin wanka, na ɗaure kai tamau, na ari safar hannun wanke-wanke, na fita tun ƙarfe takwas. Maigadi yana jan manyan, ni ina bin kowane reshen mangwaro ina shafawa. Jama'a, ban taɓa sanin mangwaro duk jikinsa gwafa ba ne sai ranar. Masu zarton sun yanyanka manyan rassan gunduwa-gunduwa, kowane guntu da gwafarsa, kowace gwafa da baƙin ƙaro ya daskare a kanta. Cinnaku suka yi ta cizona, ƙaron ya ɓata min riga, hannuwana suka yi ja.

Mama Magdalena, mai girkinmu tun ina firamare, ta fito da kwandon shara ta tsaya tana kallona.

“Anti Khaula, lafiya? Tun safe kana juya itace kamar ka ɓatar da zinari.”

“Ɗan kunnena ne ya faɗi, Mama.”

Ta dubi kunnuwana, ta dubi kututturen. “Ɗan kunne ya hau mangoro? To, Allah ya ba da sa'a. Amma ka sha ruwa, rana ya yi zafi.”

Wajen la'asar na ga layar. Tana can ƙasan tulin, cikin ganye, fatar ta yage ta gefe. Na waiga hagu da dama, na damƙe ta na cusa a cikin riga. Daɗin da na ji, har da hawaye. Na ruga banɗaki na kulle ƙofa na fito da ita, sai dariyar ta maƙale min. Ƙusa ɗaya ce a jikinta, a lanƙwashe. Da reshen ya faɗo ne ta fizge. Sauran biyun suna can cikin itace, kawunansu a nutse yadda na buga su da hannuna.

A nan ne shaiɗan ya zauna kusa da ni ya fara lissafi. Laya tana hannunki, ya ce. Babu wanda zai taɓa sani. Wataƙila guntun yana cikin masu kaurin da aka ware gefe. Wataƙila ma injin ya haɗiye su ba abin da zai faru. In kuwa kika buɗe baki, za a tambaye ki me ya kai ƙusa saman mangwaro, inda ko igiyar shanya ba a taɓa ɗaurawa ba. Abba zai san 'yarsa ta kai sunansa wurin mai tsubbu. Nazeer kuma, da yake limancin ma'aikatansa a bakin aiki, zai zauna yana tunanin ko shi ma an yi masa.

Na kira Anti Lantana.

“Ke rufa min asiri ki rufa wa kanki,” ta ce da sauri. “Ki jefa ta a masai. Ƙusa biyu ce za ta gagari injin Turawa? Ko ƙashin saniya aka ba shi ai sai ya niƙe. Kada ki kuskura ki ambaci sunana.” Ta kashe wayar.

Na koma na ci gaba da nema har aka kira magariba, ban samu ba. A wurin cin abinci na gwada wata dabara.

“Abba, da an bar wa Mama Magdalena rassan mangwaron ta kai gida ta yi girki da su.”

“Ɗanyen itace? A ina za ta ajiye shi ya bushe, a falona? Na ce ba na son ganin tsinke.”

Na ɗauki waya na rubuta wa Nazeer, “Akwai maganar da nake son faɗa maka.” Na goge. Na sake rubutawa, “Idan misali ƙusa ƙarama ce fa?” Na tura.

“Babu ƙarama. Kin ga wata ne?”

Na daɗe ina kallon tambayar nan. Sannan na rubuta, “A'a. Tambaya kawai.”

Asabar ƙarfe tara akori-kurarsa ta shigo da baya-baya, tana jan injin. Wani jibgegen abu ne ruwan ɗorawa, bakinsa kamar mazurari, da dogon wuya a sama inda yake feso ɓarzajjen itacen. Nazeer ya sauko cikin shuɗin kayan aiki, an goge su har da kari, ya yi aski, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ni kuma ina tsaye a baranda da hijabi mai ruwan ƙasa, layar tana ɗaure a bakin zanina, na kasa jefar da ita, na kasa ajiye ta.

Direban ya zagayo ya gaishe ni. Dattijo ne mai furfura a gemu. Da ya ɗago na ga idon, fari fat, fatar gefensa ta tattare. Na amsa gaisuwar ban san me na ce ba.

Nazeer ya zagaya tulin yana jinjina kai. “Kai, Khaula! Ko ma'aikatana ba sa jera min haka. Dubi hannunki yadda ya yi.” Ya rage murya. “Ƙa'idata sai na bi kowane reshe da kaina kafin in tayar. Amma ga Abba ya fito, ba na son in tsayar da shi a rana. Kin duba duka?”

“Na duba.”

“Shi ke nan. Tunda ke ce, na yarda.”

Abba ya ƙaraso da farar shadda da hula, hannuwa a baya, kamar mai duba faretin sojoji. Nazeer ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ya shiga yi masa bayani: yadda ake baza ɓarzajjen itacen a gindin furanni ya riƙe danshi, ya hana ciyawa fitowa, daga baya ya zama taki. Abba yana ta “uhm, uhm,” amma na ga ya matso.

“Abba, da kun koma baranda, akwai ƙara.”

“A nan zan tsaya. Ina son in ga yadda yake ci.”

Nazeer ya dubi Lukmanu. Gilashin kare ido biyu ne a motar, ɗaya yana fuskar Lukmanu, kuma ba mai raba mai ido ɗaya da nasa. Sai ya cire wanda ke goshinsa, ya goge da gefen riga, ya miƙa wa Abba da hannu biyu.

“To ku sa wannan, Abba.”

“Kai fa?”

“Na saba. Kuma an duba rassan.”

Innalillahi. Na dafa ginshiƙin baranda.

Injin ya tashi da wani irin ruri da na ji har cikin haƙorana. Da darbejiya aka fara. Lukmanu yana miƙowa, Nazeer yana zura gindin reshe, injin ya fizge shi ya haɗiye, ya feso shi ta sama ya zama ɓarɓashi. Ɗacin darbejiya ya cika gidan. Umma da Mama Magdalena suka fito suna kallo da hannu a kunne. Abba kuwa, Abban da ban taɓa ganin ya yi wa Nazeer murmushi ba, ya sunkuya ya ɗebi ɓarɓashin yana murzawa a tafin hannu, yana gyaɗa kai. Nazeer ya waigo ya kashe min ido ɗaya. Da idon nan nasa tsirara.

Minti arba'in darbejiya ta ƙare. Lukmanu ya juya kan mangwaro.

Na farko ya shiga. Na rufe ido ina jiran ƙara, ban ji komai ba. Na biyu. Bakina yana ta motsi, duk addu'ar da na iya na karanto, har da ta shiga kasuwa. Na uku mai gwafa ne, injin ya ɗan shaƙe kafin ya haɗiye, na ji fitsari yana neman kufce min. Yi magana, Khaula. Na buɗe baki, sai na ga Abba yana dariya yana faɗa wa Nazeer wani abu a kunne, na mayar na rufe. Na huɗu. Na biyar. Zufa ta jiƙa min hijabi. Na shida. Na bakwai.

Lukmanu ya ɗago na takwas, ya juya shi don ya daidaita gindin. A cikin gwafarsa, ta ƙasa inda jiya ban juya ba, na hango ɗan guntun jar fata ya maƙale a ƙaro. Nazeer ya karɓa, ya sunkuya, fuskarsa daidai bakin injin.

Ban san lokacin da na diro daga baranda ba. Takalmina ɗaya ya fita.

“Nazeer! Tsaya! Akwai ƙusa! Akwai ƙusa a ciki!”

Ƙarar ta haɗiye muryata. Gindin reshen ya riga ya taɓa bakin. Na cakumi hannun rigarsa na ja da duk ƙarfina, a gaban Abba, ni da ko gaisawa ba ma yi da hannu. Lukmanu ya daki jan ƙarfen tsayarwa. Rurin ya yi ƙasa a hankali har ya mutu, gidan ya yi tsit.

“Ke lafiyarki?” in ji Umma. “Sake shi mana!”

Na sake shi. Nazeer ya janyo reshen ya juya, ya kai yatsa cikin gwafar ya kankare ƙaron. Ya karɓi adda a hannun Lukmanu, ya ɗora reshen a ƙasa, sara uku ya tsaga gwafar. Ga su nan kwance a cikin farin itacen, ƙusoshi biyu, kowace ta kai tsayin ɗan yatsana na tsakiya. Lukmanu ya kai hannu ya shafi idonsa na hagu, ya ja da baya.

Abba ya cire gilashin a hankali.

“Ya aka yi kika san suna ciki?”

Ƙarya goma ta zo min baki, ko ɗaya ba ta fito ba. Na kwance bakin zanina, na durƙusa a kan ɓarɓashin, na ajiye layar a gaban takalminsa. Umma ta dafe ƙirji ta ce, “Na shiga uku.” Mama Magdalena ta juya ta shige kicin.

“Wa ya kafa?”

“Ni ce, Abba.”

“Don wa?”

“Don... don kai. Don ka yarda.”

Na jira mari. Na jira tsawa. Abba bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana kallon layar, sannan ya dubi kututturen mangwaron da ya shekara goma sha biyu yana zama a ƙarƙashinsa, ya miƙa wa Nazeer gilashinsa, ya ce, “Sannu da aiki, Malam Nazeer. Ka yi haƙuri.” Ranar ce rana ta farko da ya kira sunansa. Ya juya ya shiga gida, Umma ta bi shi tana kuka.

Saura ni da Nazeer. Ina durƙushe, na kasa ɗago kai, sai takalmansa nake gani. Na fara magana da sauri, kalmomi suna hawa kan juna, cewa wallahi ba shi aka yi wa ba, ban taɓa kai sunansa ko'ina ba, son da yake min nasa ne, ya yarda da ni.

“Ban tambaye ki wannan ba,” ya ce. Muryarsa a kwance take, kuma da ya yi ihu da ya fi min sauƙi. Ya tsuguna ya zare ƙusoshin daga itacen, ya jera su a tafin hannunsa. “Jiya da kika ce tambaya kawai, kin sani?”

Na gyaɗa kai.

“Da na cire gilashina na ba Abba, kin sani?”

Na sake gyaɗawa. Hawaye suna ɗiga a kan hijabina.

“Kuma ba ki san a wanne reshe suke ba.”

“Ban sani ba.”

“To reshen mangwaro nawa na zura kafin ki yi magana, Khaula?”

Da ma ban ƙirga ba. Da ma zan iya cewa ban lura ba.

“Bakwai,” na ce.

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka faɗa wa farashin taki. Ya ajiye min ƙusoshin a gabana kusa da layar, ya miƙe ya ce wa Lukmanu su ɗaura injin. Bai sake kallona ba har maigadi ya rufe get.

Ragowar rassan mangwaron suna nan a harabar gida, ganyensu ya bushe. Baƙin Abba sun zo Lahadi sun tsallake su sun wuce, bai ce a kwashe ba, kuma bai ce min uffan ba har yau. Na tura wa Nazeer saƙo tun kafin motarsa ta fita layinmu: “Na ji tsoro ne. Ka yafe min.” Wayar ta nuna ya karanta ƙarfe goma sha ɗaya da minti huɗu na safiyar Asabar.

Yau Laraba.